Makasan Ingila da Tsohon Ƙarƙashin Benenmu

Akwai wani wari da takarda ke yi idan ta daɗe a ƙasar da ake yawan ruwa. Ba warin ruɓa ba ne, ba kuma ƙamshi ba, wani sanyi-sanyi ne kamar na tabarmar da aka naɗe ba ta gama bushewa ba. Takardun Makka ba sa yin sa, su bushewa suke yi har su kakkarye. Kwanakin baya wata hajiya ta shigo kantin da nake aiki a unguwar Kudai tana neman igiyar ɗaure kaya, ta buɗe kwalinta a gabana, ashe ta shimfiɗe ƙasansa da jaridun garinsu. Warin nan ya bugi hancina. Na miƙa mata igiya, amma hankalina ya riga ya koma unguwar Hindawiyya, tsohon gidanmu, shekarar da baƙi daga Ingila suka sauka a ɗakunanmu.

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, sai dai Abba ya ajiye tasinsa a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Idan aikin Hajji ya matso, kamar yadda yawancin mutanen unguwarmu ke yi, mukan kwashe katifu da tukwane mu koma saman rufi, a kafa rumfa da tsofaffin zannuwa, a bar wa alhazai ɗakuna. Manya suna ta kukan zafi. Mu yara kuwa babu lokacin da muke so irin wannan, don daga can sama kana ganin kowane gida da iyalinsa a fili, kamar an bi tukwane an buɗe murafensu. Ga tantabaru, ga ƙamshin girki daga rufin maƙwabta, ga kiran salla yana zuwa ta kowace kusurwa.

Mu ne ni da yayata, da Umma, da Abba, sai Kaka mahaifiyar Abba. Kaka da ƙafa ta zo ƙasar nan. Ta taso daga wani ƙauye na ƙasar Hausa da goyon Abba a bayanta, ita da Kakanmu namiji, suka bi ta Chadi da Sudan, su yi tafiya su tsaya su yi ƙodago a gonakin mutane, su sake ɗaukar hanya. Kakanmu namiji ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni.

Akwai kuma mutum ɗaya a gidan da ba ya hawa rufi, ko da Hajji ko ba Hajji. Baba Tsoho muke ce masa. Ɗakinsa a ƙarƙashin bene yake, da ƙyar ya ɗauki katifa da akwatin ƙarfe. Ba danginmu ba ne. In ka tambayi Umma sai ta ce tare suka zo da su Kaka, daga nan ba ta ƙarawa. Sana'arsa zarge carbi. Wanda carbinsa ya tsinke sai ya kawo masa ƙwayoyin a ƙunshe cikin hankici, shi kuma ya zauna a bakin ƙofarsa, inda haske ke faɗowa, yana zura su ɗaya bayan ɗaya. Dogo ne, siriri, mai taushin murya. Abin da na lura da shi tun ina ƙarama shi ne ba ya taɓa wuƙa, ko almakashi ba ya riƙewa. Da haƙori yake yanke zare, da haƙoran suka ƙare sai ya koma ƙona shi da ashana. Ranar layya kuwa tun da safe yake tafiya Harami, ba ya dawowa sai an wanke jini.

Abu na biyu da na lura da shi ya fi ɗaure mini kai. Kullum in an sauke tukunya, Kaka ce ke zuba masa abinci da hannunta, kafin a zuba wa kowa, har Abba. Ta zaɓi nama mai laushi ta ɗora, ta rufe kwano, ta ce in kai. Amma ban taɓa jin ta yi masa magana ba. In za ta fita sai ta wuce ƙofarsa fuskarta na kallon bango, shi kuma ya sunkuyar da kai kan carbinsa har ta wuce. Ka san yaro, abin da ya buɗe ido ya tarar yakan ɗauka haka duniya take. Na daɗe ina zaton kowane gida akwai tsohon da ake ciyarwa ba a gaishe shi.

Baƙinmu na wannan shekarar iyali ɗaya ne, asalinsu mutanen Asiya amma mazauna Ingila, da tsohuwarsu da wani saurayin ɗansu mai yawan shiru. Da suka tafi muka sauko shara. Ni aka ba ɗakin saurayin, ina ɗaga katifa sai ga wasu siraran littattafai a ƙasa, a jere, an ɓoye su da kyau. Ina jin ya ɗauko su a asirce ne, da ya ga inda ya zo sai kunya ta hana shi komawa da su. Na ɗauki ɗaya na shinshina, na buɗe. Babu dogon rubutu a ciki, zane ne baƙi da fari, kowane shafi an raba shi gida-gida, mutane a ciki, maganarsu na fitowa a cikin wasu ƙwayaye sama da kansu. Ruwa ake yi a kusan kowane gida. Maza da dogayen kwat, da laima, da motoci baƙaƙe, da tituna masu sheƙi.

Mu da muka tashi da littafin Larabci ta dama muke buɗe littafi, don haka ta nan na fara, ina bin gidajen daga dama zuwa hagu. Labarin da na samu mai daɗi ne. Wani mutum na kwance a titi ruwa na dukansa. Mai dogon kwat ya zo ya tsaya a kansa da bindiga a hannu, na ce gadinsa yake yi kada miyagu su dawo. Can sai ga mutumin ya miƙe tsaye. Can kuma ga su su biyu a tebur suna cin abinci suna dariya. Daga ƙarshe mai kwat ya je wani ofis ya miƙa wa wani ƙaton mutum ambulan, na ce sadaka ce ya bayar. Kowane littafi haka yake tafiya, sai dai a canza mai kwat a canza wanda aka tayar. Na kai wa Kaka, idonta ya fara rauni, ni ke nuna mata da yatsa ina ba ta labari. Ta ce ashe Turawa ma da nasu mutanen kirki, ta sa musu albarka.

Yayata ba ta nan, an tura ta Jidda wajen Gwaggo saboda ƙarancin wuri a rufi. Ita ta kai ajin da ake koyar da Turanci. Ranar da ta dawo na zaunar da ita zan ba ta labarin masu ceto, ta kalli yadda na riƙe littafin, ta yi dariya har ta kwanta. Ta karɓa ta juya shi, ta fara daga inda na ƙare. Ta ɗauko ƙaramin ƙamus ɗinta na makaranta muka yini muna haƙar kalmomi. Ashe ambulan ɗin ba bayarwa ake yi ba, karɓa ake yi, kuma a ciki akwai hoton wanda za a je wa. Ashe cin abincin ne farko, kwanciya a titi ce ƙarshe. Mutanen nan sana'arsu kisa. Ba su da gaba da kowa, aiko su ake yi, su yi, a sallame su, su koma wani ɗaki da suke taruwa su sha shayi suna hira kamar direbobin tasi a bakin titinmu.

Ba zan ce na ji tsoro ba. Abin da ya kama ni son sani ne, irin wanda ke hana mutum zama. Na san mutum kan yi fushi ya yi ɓarna, wannan muna ji a hira. Amma a ce aiki ne, da ubangida, da abokan aiki, da lokacin tashi? To wa ke koya musu? Uwayensu sun san abin da suke yi? In sun dawo gida aka ce sannu da aiki, me suke amsawa? Na tambayi Umma, ta ce in je in wanke kofuna. Na tambayi Abba yana goge gilashin mota, ya ce tatsuniyar Turawa ce, kuma kada ya ga takardun nan kusa da inda ake salla.

Kaka ce kaɗai ba ta kore ni ba. Da na faɗa mata mun yi kuskure, waɗanda ta sa wa albarka makasa ne, sai ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa ta ce in ba ta littafin. Ta kawo shi kusa da hancinta, ta tsaya a kan zanen teburin nan, ta daɗe.

"Da shi ya ci abinci kafin ya yi?" ta tambaya.

"E, Kaka."

"A kwano ɗaya?"

"A'a, ai su kowa da farantinsa."

"Shi ya sa ya iya," ta ce, ta miƙo mini, ta koma kan shinkafarta.

Saura mutum ɗaya a gidan ban tambaya ba. Da azahar da na ɗauki kwanon Baba Tsoho sai na cusa littafi ɗaya a hammata. Na ajiye abinci, na zauna a bakin ƙofa kamar yadda nakan yi, na buɗe masa, wannan karon ta inda ya dace. Na yi masa bayani dalla-dalla, ina jin daɗin na san abin da babba bai sani ba. Ya ajiye zaren da ke hannunsa. Ya bi shafukan da babban yatsa, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai teburin nan shi ma sai ya tsaya.

"Jikata, wa ya ba ki ki kawo mini?"

"Ba kowa, Baba."

"Hajiya ta gani?"

"Ta gani. Ita ma a nan wajen ta daɗe tana kallo."

Ya rufe littafin ya ɗora mini a tafin hannu, ya turo kwanon ko buɗe shi bai yi ba. Ya ce in mayar, yau ba ya jin yunwa.

Washegari ma kwanon ya dawo a rufe. Haka jibi. Zafin bayan Hajji ne, irin wanda bangon gida ke huci har bayan la'asar, ga mutum ya tsufa, ruwa kawai yake kurɓa. Abba ya ɗauka ciwo ne. Ya bar aiki ya zauna a bakin ƙofar yana lallashi a tafi asibiti, tsoho ya ce lafiyarsa lau. Abba ya je har wajen mai burodin tanda ya sayo tamis da zafinsa, da ful, dafaffen wake wanda aka zuba wa man shanu, abin da ya san tsohon ba ya ƙi. Ya yi godiya, ya sa albarka, bai taɓa ba. Ya daina karɓar carbi. Wanda ke hannunsa ya ƙarasa ya aika wa masu shi. Wata safiya na leƙa na ga ya ɗaure akwatin ƙarfensa da igiya, yana zaune a gefen katifa idanunsa sun zurma, takalmansa a jere a gabansa. Na san tafiya zai yi, kuma ko ni da nake yarinya na san ba shi da inda za shi a duniya.

Na hau sama na faɗa wa Kaka maganar akwati. Ta dube ni da idon nan nata mai hazo.

"Ke 'yar nan, ban da abinci me kika kai masa?"

Na faɗa mata komai, har tambayoyin da ya yi mini. Ba ta yi faɗa ba. Ta murza gwiwarta. Sannan ta tashi ta dama kunun tsamiya da kanta, ta ƙi yarda Umma ta karɓa, ta yafa mayafi, ta ce in ɗauki kofin in shiga gaba. Ta dafa kafaɗata muka sauka, taki ɗaya mu huta. Umma ta tsaya a saman bene da ludayi a hannu tana kallonmu, ba ta biyo mu ba.

A ƙofar ɗakin Kaka ta tsaya, ta yi sallama. Tsoho ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi.

"Zauna," ta ce. "Ba ni na aiko ta ba. Yarinya ce mai tambayar tsiya, ko jaki ta gani sai ta tambaye shi sunan ubansa. Abin da ke tsakaninmu ban faɗa wa ɗana ba, ban faɗa wa matarsa ba. Kuma da zan tona maka asiri ba zan jira takardar Turawa ba, bakina yana nan."

"Na zaci kin gaji ne, Hajiya."

"Tun a bakin teku na gaji. Gajiyata ta taɓa hana ka cin abinci? Kwance igiyar nan. Marigayi mai gidan nan ya ce a nan za ka zauna, kuma bai dawo ya canza magana ba."

Ta karɓi kofin daga hannuna ta miƙa masa da kanta. Ya karɓa da hannu biyu. Ba ta motsa ba sai da ta ga ƙasan kofin.

A hanyar komawa, a tsakiyar bene inda yake lanƙwasa, ta zauna don gwiwarta ta huta, ta jawo ni kusa. Ta ce tunda a gabana aka yi, gara in ji daga bakinta da in bi unguwa ina tambaya. Ga abin da ta faɗa mini.

Kakanmu namiji yana da rikicin fadama da wasu 'yan uwansa, gadon ubansu. Da ya yi niyyar tafiya Makka sai suka ji tsoron zai dawo da sunan alhaji, da baki a gaban alƙali, ya karɓe abinsa. Suka nemi wani matashi daga wani gari, wanda fari ya cinye masa dabbobi, suka ba shi saniya, suka yi masa alkawarin wata in ya dawo da labari. Hanyar Makka a wancan zamani tana cin mutane, ba wanda zai tambayi yadda aka yi. Matashin ya riske su kafin su shiga Chadi, ya ce shi ma maniyyaci ne, ba shi da abokin tafiya. Kakanmu ya ce ya sa hannu a kwanonsa. Tun daga ranar tare suke ci, tare suke noma a gonakin mutane, damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Da Abba ya yi nauyi a baya, shi ke ɗora shi a wuya. Da Kakanmu ya kwanta zazzaɓi a Sudan, a wata bukka da babu kowa kusa, shi ya yi jinyarsa.

Sai da suka isa bakin teku suna jiran jirgin ruwa, wata rana da hantsi, ya zaro wuƙa daga cikin rigarsa ya ajiye a gaban Kakanmu, ya faɗi wanda ya aiko shi da abin da aka ba shi. Ya ce ba zai shiga ƙasa mai tsarki da ita ba, a yi masa duk abin da aka ga dama. Kaka ta ce Kakanmu ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce fadamar ya bar musu, shi ma ba zai koma ba, kuma matashin ya tashi ya ɗauki yaro don an fara kiran shiga jirgi.

"Wuƙar fa, Kaka?"

"Ita ce wacce kike ɓare albasa da ita kullum. Kakanki ya ce ƙarfe ba shi da laifi."

Na tuna wuƙar nan mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye har ta zama kamar ganyen dabino. Amma tambayar da ta fi cina ita na yi, na ce to tunda an yafe, me ya sa ba ta yi masa magana.

"Kakanki ne ya yafe," ta ce. "Shi aka zo kashewa, yafiya ta yi masa sauƙi. Ni fa, da za a bari a tsakiyar daji da jariri? Ni da nake miƙa masa ɗana in tafi ɗiban ruwa? Tsoron da ban ji a hanya ba, a bakin tekun nan ya sauko mini gaba ɗaya, har yau bai gama fita ba. Abinci na yi alkawari. Magana ban yi ba."

Ta ce kada Abba ya ji muddin su biyun suna da rai, bayan haka ya rage nawa. Ta dafa ni muka ƙarasa hawa.

Baba Tsoho ya kwance igiya, ya koma zarge carbi. Kaka ba ta zama abokiyar hirarsa ba, kada in yi maka ƙarya. Abin da ya canza kawai, in za ta wuce takan yi sallama, fuskarta dai na kallon bango, shi kuma ya amsa. Littattafan kuwa yaran unguwa suka yi ta ara, daga wannan rufi zuwa wancan, har suka yayyage, aka ƙarasa ƙunshe gyaɗa da su.

Na riƙe bakina iyakar ƙoƙarina, amma akwai abin da Kaka ba ta sani ba, kuma mutum ɗaya ne ya sani. Bayan sanyi ya fara shigowa, wata rana na kai masa abinci na zauna ina tsinto masa ƙwayoyin carbi da suka gangara. Na ce, ba tare da na kalle shi ba, "Baba, me ya sa ka fasa?"

Na zaci zai sake ture kwano. Sai ya yi ɗan murmushi, ya ƙona bakin zare ya murza shi da yatsa.

"Ban fasa ba, jikata. Da na fasa da na ji daɗin kaina. Kullum sai in ce gobe. Yau ya gaji, gobe. Yau yaro ba lafiya, gobe. Yau ya ba ni rabin gurasarsa, bari ta narke tukuna. Ina ta cewa gobe har na ɗaga kai na ga teku, hanya ta ƙare."

Na ce Kaka ta ce saboda kwano ɗaya ne. Ya ce mai yiwuwa, ita ta fi shi sani. Ya buɗe abincinsa ya yi bisimilla.

Ya rasu ina makarantar gaba da firamare. Abba ne ya yi masa wanka, ya ɗauki makararsa zuwa Harami, ya yi kuka irin wanda Umma ta ce bai yi ba ko a rasuwar mahaifinsa, don lokacin yana ganin shi namiji ne. Kaka ta sa aka dafa shinkafar sadaka mai yawa, ta tsaya a kai har aka rabe. Ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi.

Yanzu a Kudai muke, a gidan haya mai hawa da yawa, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Ƙarƙashin benenmu mitocin wuta ne a jere. Ba ma komawa rufi da Hajji, alhazai otal suke sauka. 'Ya'yana in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, kuma abin da na gani a takarda ya hana ni zama, su a waya suke wasa da irinsa suna cin gyaɗa. Ban sani ba ko a cikinmu akwai wanda zai iya ciyar da mutumin da bai yafe wa ba har tsufa, ko kuma wanda zai iya zama ya ci. Daga ƙofar kantinmu ina ganin manyan motoci suna sauke maniyyata, wasu daga ƙasar su Kaka, waɗanda jiya-jiya suka karya kumallo a gidajensu.

Bara na faɗa wa Abba. Ya tsufa, ya bar tuƙi, yana zaune kusa da taga ina zuba masa shayi. Na daɗe ina auna ko in bar shi da abin da ya sani, amma na ga labarinsa ne ya fi nawa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, tsohon nan ne ya koya masa Fatiha, a kan jirgin ruwa, yana riƙe da shi kada ya faɗa. Ya kurɓi shayinsa, ya kalli motocin maniyyata da ke shigowa tasha, ya ce, "Allah ya taimake mu ba a jirgin sama muka zo ba."